Kuɗin Fito

Sai da na shekara goma sha tara kafin na ga jirgin ruwa da idona. Ga wanda aka yanke wa cibi a Hawandawaki wannan ba abin kunya ba ne. Ruwanmu na rijiya ne, sai na tabkin damina wanda kafin a gama sussukar gero ya zama laka. Komin da muka sani shi ne na bakin rijiya, wanda ake cika wa shanu. Arewa da mu, a kan hanyar Tasawa zuwa Damagaram, akwai gari guda mai suna Maijirgi, amma da kaburbura biyu aka san shi: na Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da sojojinsu suka bindige a watan Yulin 1899, bayan sun taho suna ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi kuwa suna ya rage masa, da takalminka za ka ƙetare shi. Akwai dai wani jirgi da ya taɓa ratsa Damargu, amma a bayan raƙuma ya zo, gunduwa-gunduwa. Shi ne wanda ayarin su Bature Barth ya ɗauko daga Tarabulus, har abokin tafiyarsa Overweg ya harhaɗa shi ya shiga Tafkin Cadi da shi a 1851.

Duk da haka maza uku na gidan su mahaifiyata, kakanta da mahaifinta da ƙanenta, kowanne a zamaninsa ya kwance lalita ya biya aka ɗora shi a kan ruwa. Ko ɗaya a cikinsu bai iya iyo ba. Ba ina cewa kowane Bahaushe tsoron ruwa yake ba, ga Kabawa da Sarkawa nan, a cikin ruwa suke neman abincinsu. Mu mutanen tudu nake nufi, mu da muka iya lissafin hanya kamar me, amma da zarar ƙafarmu ta taɓa laka a bakin kogi sai iliminmu ya ƙare, mu miƙa wa wani kuɗi da rai gaba ɗaya. Sunan wannan kuɗi fito. Kalmar ita ma ta yi tafiya. Da ladan mai kwale-kwale ake nufi, aka zo ana kiran harajin da sarakunan hanya ke karɓa a hannun fatake da ita, yau kuma a bakin iyakarmu da Najeriya in ka ji an ce wane ɗan fito ne, to kaya yake tsallakarwa ta bayan duwan, ba ruwansa da ruwa.

Na farkon ban riske shi ba. Daga bakin kakana na ji labarinsa, da dare a ƙofar gida, tsohon yana ɓare goro da farce yana miƙo mini ɓarin da ya fi ɗaci don ya ga na yamutse fuska. Mahaifinsa yaron fatake ne, mai kora jakai, ya bi wani Ba'agale daga ƙasar Katsina zuwa Gwanja har sau uku. A wancan zamani fita daga ƙasarmu ma aiki ne. Haɓen da ke Maradi da Tasawa ba sa ga-maciji da Fulanin da suka karɓe Katsina, kuma lokacin da Barth ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851 tare da ayarin gishirin Abzinawa, ya tarar dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina ba a shigarsa sai da taro. Wanda zai je Gwanja kuwa, zuwa da dawowa kan ci masa wata shida, wani lokaci shekara cur.

Ba a fafe gora ranar tafiya, fatake sun fi kowa sanin haka. Tun gero na tsaye a gona ake fara shiri. A sayi kanwa, a sayi turkuɗi da jar fata da gabu, a duba kofaton kowane jaki da gadon bayansa, a ɗinke mangala da waga. Malamin ayari ya zaɓi rana. Jagaba ya san inda rijiya take da wadda ta ƙafe bara. Uban dawaki ya tara abin da za a ba sarakunan hanya, kowa gwargwadon kayansa. A kan su duka akwai madugu, wanda hanyar take kwance a cikin kansa: a nufi Jega ko Yawuri, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu ta Nikki, a sauka Zugu, a wuce Sansanin Mango da Yandi, sai Salga. Da zango ake auna nisa, kuma wuri ba ya zama zango sai da ruwa da ciyawa da sarkin da aka san nauyin gaisuwarsa. Ana tashi da asuba, a sauke kaya kafin rana ta take. Bature Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, mutum fiye da dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kusan yawansu. Dawowar ma ta fi wuya, domin goro kaya ne mai rai. Duk bayan ƴan kwanaki sai an kwance huhu, a tsince wanda sankara ta kama, a yayyafa ruwa, a sake ganyen fita. Kwana ɗaya na banza a hanya, ƙwarya nawa ke nan ta tafi.

To, a bakin Kwara wannan ilimi duka yake tsugunawa. Kakana ya ce mahaifinsa bai taɓa ba da labarin ƴan fashin Bargu muryarsa ta yi rawa ba, amma in ya zo kan fito sai ya yi shiru tukuna. Kwale-kwalen na Gungawa ne ko na Sarkawa, ciniki kuma da sarkin jirgi ake yi, kaya kaza, mutum kaza, jaki kaza. Babban ayari kan kwana biyu ko uku yana tsallakawa. Doki yana iyo in an riƙe masa linzami daga cikin jirgi. Jaki kuwa sai an tura shi, wani ya tallabe masa haɓa a gefen komi kada ya saki kai ya nutse. Yaron da ya tashi inda ruwa bai wuce cikin guga ba, ga shi a durƙushe cikin itacen da aka fafe, kogi na lasar bakin itacen, hannunsa biyu riƙe da kan jakin ubangidansa.

Abin da kakana ya fi nanatawa shi ne inda madugu yake tsayawa. Ba ya riga kowa ƙetarewa. Yana nan a gaɓa har jaki na ƙarshe ya hau tudu a can, sa'an nan ya shiga. Kayansa a cikin jiragen da suka ɗauki na kowa suke. In jirgi ya kife, da dukiyarsa ya kife, da sunansa kuma, domin madugun da ya zubar da mutane a Kwara ba zai sami mai binsa baɗi ba. Shi ma bai iya riƙe filafili ba, amma ya san wane mai fito ne mashayi, wane jirgi ne ke yoyo, wane mashigi ne dorina ke kwana.

Abin da ya kashe wannan hanya ba daga wajenmu ya fito ba. A 1874 Ingilishi suka ci Kumashi da yaƙi, ƙarfin Tonawa, masu Kumashin, a kan ƙasashen arewacinsu ya karye, goron da suke turowa Salga ya fara bin wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salga kanta, malamai da fatake suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru, Bakano, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete-Karachi a 1934. Goro ya ba arewa baya ya nufi teku. Dogo ya haɗa Sekondi da Kumashi a 1903, wani ya iso Kano a 1911, shekara ta zagayo aka haɗe shi da Ikko, wato Legas, a tsakani kuma ga jiragen ruwa masu hayaƙi na kamfanin Elder Dempster suna kai-komo a bakin teku. Tafiyar watanni ta koma ta makonni. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, shi ma jinin Agalawa, yana cikin waɗanda suka fara gane haka. Ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara, wato Akra, da Sekondi zuwa Ikko, tun gyaɗa ba ta sa sunansa ya cika duniya ba.

Kakana a wannan hanya ya faɗa, bayan yaƙin Jamus na farko. Iyakar da Turawa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta bar mu a hannun Faransa, da harajinta da aikin dolenta, samari kuwa da an ɗaure gero sai su sulale kudu. Ya taka da ƙafa har Kano, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya sami wani mai goro ya zama yaronsa mai raka huhuna. A saman jirgi talaka yake zama, a sarari, tsakanin kaya da akurkin kaji, da tabarmarsa da butarsa da abincinsa. Ya ce ranar farko gardamar alƙibla ce ta raba hankalin mutane, domin kana cikin raka'a ta biyu jirgi ya juya, gabas ta koma bayan kunnenka. A lokacin Ankara ba ta da tashar da babban jirgi zai raɓa gaɓa. Can nesa yake tsayawa, kwale-kwale su zo, matuƙa goma ko fiye a kowanne suna waƙa suna tsoma filafili tare, su kwashi mutane da kaya su jira raƙumin ruwan da zai cilla su kan rairayi. Turawa a cikin wata kujera ake zuro su da igiya. Sauran jama'a kowa ya bi tsani, ya jira kwale-kwale ya taso sama, ya saki hannu. "Kai, ja'iri," in ji shi, "ranar na san ina da hanji."

Na taɓa tambayarsa wane ne madugu a wannan tafiya. Ya ce babu madugu, amma akwai takarda mai hatimi, akwai ranar tashi da kowa ya sani, jirgin yana da suna rubuce a goshinsa, mai tuƙa shi kuma, ko da yake Nasara ne, a ciki yake kwana. Cinikin bai daɗe ba. Aka dasa irin goron Gwanja a Agege da Shagamu ya karɓi ƙasa, Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916 ta zama matattarar masu goro da masu shanu, buƙatar ƙetare teku ta ragu. Takoradi ta sami tashar jiragen ruwa a 1928, Tema a 1962, kwale-kwalen Ankara suka rasa aiki. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Gana, ƴan uwanmu da yawa suka dawo a bayan kamyo da tabarmi a naɗe.

Na ukun shi ne kawuna, kuma nasa labarin na ji shi sau da yawa har na san inda yake tsayawa ya kurɓi shayi. Farin 1984 ya cinye mana gero da dabbobi, Najeriya kuma a ƙarƙashin Buhari ta rufe iyakarta a watan Afrilun wannan shekara, shi ya sa har yau a wajenmu sunan yunwar El-Buhari. A 1985 aka kore shi daga Legas tare da sauran baƙi. Ya dawo ya tarar da rumbu wayam. A lokacin sunan Gabon ne a bakin samari: ƙasa mai man fetur, mutanenta kaɗan, mai gadi ma yana aiko da kuɗin da zai sayi sa. Sai dai samun biza wuya, kuɗin jirgin sama kuwa ba a maganarsa. Abin da ya rage shi ne ruwa.

Shekara guda ya yi yana shiri, kuma shirin fatake ya yi, irin wanda ya ji a bakin mahaifinsa. Ya noma gyaɗa ya sayar, ya sayar da bijimin da ya tsira, ya bar wa iyali geron da zai kai su damina. Ya binciki duk wanda ya taɓa zuwa, ya haddace sunayen masu masauki. Bayan kakar 1987 ya tsallaka ta Daura, ya bi motar shanu daga Kano har Kalaba, ya sauka a Bogobiri, unguwar Hausawa. Har nan hanya tana hannunsa. Akwai masallaci, akwai mai tuwo, akwai mai masaukin da ya san ƙauyenmu da suna. Daga nan aka haɗa shi da wani ɗan kamasho a Oron, a ɗaya gefen bakin kogin, wanda ke tara fasinja.

Kawu ya yi masa tambayoyin da falke zai yi. Kwana nawa? Zango nawa? Ina ake ƙaro ruwan sha? Mutumin ya yi dariya ya ce babu zango, in an tashi sai an sauka. Kawu ya ce to, kai ne za ka kai mu? Ya ce a'a, shi aikinsa a tudu yake. Mai jirgin fa? Shi ma yana gida. "Ɗana," in ji kawu, "nan gabana ya faɗi. Wanda ya karɓi kuɗina ba zai shiga ba, wanda ya mallaki jirgin ba zai shiga ba, wanda zai shiga kuma ban san sunan ubansa ba."

Ya ƙi biya. Ya kama dako a bakin ruwa, ya yi kusan mako uku yana kallo. Wani dattijo mai sayen banda, Bakabe, wanda ya shekara da shekaru a wurin, shi ya zama malaminsa. Shi ya nuna masa cewa teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini da dare, kullum tana jinkirta kusan minti hamsin a kan na jiya, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Kawu ya san wata tun yana yaro, don azumi da salla, bai taɓa sanin yana jan ruwa ba. Jirgi mai nauyi dole ya bi cikar ruwa ya fita, in ba haka ba ya zauna a kan yashi a bakin kogi har gari ya waye jami'ai su same shi. Dattijon ya ce masa ya yi sa'ar lokaci: daga Nuwamba zuwa Fabrairu teku tana lafawa, daga Yuni zuwa Satumba kuwa ko masunta suna shakkarta. Wato kalandar cin rani da ta teku sun zo ɗaya, kamar yadda fatake ma da rani suke tafiya. Aibin rani ɗaya ne, hazo, wanda yake biyo mu daga arewa ya rufe gaɓa har matuƙi ya kasa ganin tudu.

Ya koyi duban jirgi kamar yadda ake duban jaki a kasuwa. Wasu na katako ne da aka harhaɗa, wasu kuma gindinsu itace guda ne da aka fafe a Gana aka ƙara masa allunan gefe. Sunan itacen da harshen Tonawa wawa. Kawu ya ce da ya ji haka ya ce madalla, wawa zai ɗauki wawaye. A baya ake rataya inji, ana auna ƙarfinsa da doki, wannan doki 40, wancan doki 75. Mutumin Hawandawaki da bai taɓa mallakar ko ƙuru ba, ga shi zai hau dawaki saba'in da biyar a lokaci guda. Amma lissafin da ya fi damunsa na mai ne. Inji mai doki 75 in an sake masa wuta yana shan kusan lita 30 a awa. Daga bakin kogin Kalaba zuwa Librebil kusan kilomita 500 ne ko da a miƙe aka bi, jirgi mai lodi kuma ba ya gudu, ana maganar awa arba'in ko fiye. Duro guda lita 200 yake ci. Ka buga da kanka: jirgin da ya ɗora duro uku ya ce zai kai Gabon, ko dai ƙarya yake, ko yana da niyyar zubar da mutane a wata gaɓa ya ce musu sun iso. Kawu ya riƙa ƙirga duro, yana ƙwanƙwasa kowanne ya ji ko cike yake. Ya duba ko inji biyu ne, ya duba tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi bayan an gama lodi, in ba ta kai kamu biyu ba ya ja da baya. Jirgin da ya zaɓa daga ƙarshe ba shi ne mafi kyau ba. Ya zaɓe shi ne don ya ji cewa yaron da ke kula da inji ɗan mai jirgin ne na cikinsa.

Guzurinsa garin rogo da sukari da ƙuli-ƙuli da dabino, da goro don tashin zuciya. Bido biyu ya saya, ɗaya ya cika da ruwa, ɗaya ya bar shi fanko ya toshe bakinsa da leda ya ɗaure shi a ƙugu da igiyar jaki, domin rigar ruwa ko ɗaya babu a jirgin. Kuɗinsa ya ɗinke a cikin ƙugun wando. Yini guda kafin tashi ya rage ci, saboda an gaya masa babu inda mutum zai kewaya.

Ni a ganina, wurin da wannan tafiya ta saɓa wa duk abin da kakanninmu suka sani shi ne maganar zango. Ba wai gaɓar babu garuruwa ba ce. Ga Idenau, ga Limbe, ga Duwala, ga Kribi, ga Bata, kowanne da ruwan sha da mai da makanike. Wanda ke da takarda zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya, ya kwana a tudu kowane dare, ya duba sama da safe kafin ya fita, in ta ɓaci ya zauna. Haka mai hankali yake tafiyar bakin teku a ƙaramin jirgi, haka madugu zai yi da an ba shi jirgi. Amma kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan yana da jandarma da duwan. Ayari da tsakar rana yake shiga gari, ya biya fito a gaban kowa, sarki ya ɗauki nauyin tsaronsa har iyakar ƙasarsa. Wannan jirgi kuwa ɓuya yake yi, don haka dole ya guji duk wurin da zai iya cetonsa, ya yi can tsakiya inda ba mai ganinsa, ko da mai ceto ne.

Bayan isha suka tashi, ba fitila, mutum fiye da sittin a kan buhuna da duro, an hana kowa kunna taba. Suka bar Bakasi a hagu, wadda a lokacin ba a kai ga shari'ar da ta ba Kamaru ita a 2002 ba. Wutar da ke ci a kan rijiyoyin mai na cikin teku ita ce alamar matuƙi da dare, da wani ɗan kamfas da yake haskawa da tocila a cikin tafin hannu. Da gari ya waye hazo ya ɗan yaye, kawu ya ga abin da bai taɓa mantawa ba: Dutsen Kamaru a hagu, ya haura mita 4,000, tsibirin Biyoko a dama da nasa dutsen, su kuma a tsakani kamar ƙwayar gero a faifai. A zaune aka yi salla, da ishara. A dare na biyu inji ɗaya ya mutu, ashe wanda ya sayar musu da duro guda ya haɗa da ruwa. Ɗan mai jirgin ya kwance shi a cikin duhu yana tsotse tiyo da baki yana tofarwa, fasinja suna kwarfe ruwa da ƙoƙo da yankakken bido, mata suna salati. Kawu ya ce bai yi addu'ar kansa ba sosai, yaron yake ta yi wa, domin ya san muddin yaron yana ciki, uban da ke gida bai sallama jirgin ba.

Kafin asubar kwana na uku aka kashe inji a wata gaɓa arewa da Librebil, inda itatuwa ke tsaye a kan saiwoyinsu cikin ruwan gishiri. Matuƙi ya ce kowa ya dira. Ba a kai tudu ba, ba za a kai ba, don kada jirgi ya kafe. Kawu dogo ne, ruwa ya tsaya masa a ƙirji, laka ta riƙe takalmansa har yau suna can. Ya rungume bidon da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya riƙo wuyan rigar wani gajeren Bazabarme da suka raba goro a hanya. Kafin su juya jirgin ya ɓace.

Hanyar ba ta mutu ba bayansa. A watan Afrilun 2001 duniya ta ji labarin jirgin Etireno, wanda ya tashi daga Kwatano da yara a ciki, Gabon da Kamaru suka hana shi sauka, ya yi ta yawo a teku har ya koma inda ya fito. A watan Maris na 2013 wani jirgin katako da ya tashi daga Oron zuwa Gabon ya nutse bai yi nisa da Kalaba ba, mutane da yawa suka halaka. Ranar da aka faɗa a rediyo kawu yana zaune a gindin bedi, ya tambaye ni ko sun faɗi duro nawa jirgin ya ɗauka. Na ce Kawu, ba a faɗin irin wannan a labarai.

Shekara bakwai da ɗoriya ya yi a Librebil, ya fara da gadi, ya koma tebur a kusa da kasuwar Mont-Bouët. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta rage masa riba, a farkon 1995 kuma gwamnatin Umar Bongo ta ba baƙi marasa takarda wa'adi, dubbai suka tattara. An yi ta lodin jirage a bakin ruwa. Kawu ya ce shi ya biya teku bashinta. Ta ƙasa ya dawo, ya kuma lissafa mini zangon ɗaya bayan ɗaya da yatsu: Oyem, Bitam, Ambam, Yawunde, jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, Garwa, Marwa, Maiduguri, Kano, Daura, sai amalanken da ta kawo shi ƙofar gida da akwati biyu da rediyo. Sau ɗaya ya sake taka jirgin ruwa, a kogin Ntem, tsakanin Gabon da Kamaru. Da rana tsaka ne, mai karɓar kuɗin yana tsaye a cikin jirgin da jakarsa a wuya, ana kuma hango ɗaya gaɓar tun kafin a biya.